Sawun da Aka Share a Bayan Tanki

Ni na fara isa lambu a safiyar da abin ya faru, don ranar ruwana ce. Tun daga nesa na hango jerin farantan sola ya yi giɓi. Biyu babu, na can ƙarshe wajen shinge, wayoyinsu na reto. Ba a yanke komai ba, ba a fasa komai ba. Kwance notin aka yi ɗaya bayan ɗaya, har aka jera su a kan ƙarfe kamar mai shirin dawowa ya ɗaura.

Mu manoman lambu ne da muka haɗa ƙungiya muka haƙa rijiyar burtsatse. Farantan nan su ke ba famfo wuta, famfo ya cika tanki, tanki ya saki ruwa cikin hanyar ƙasa da ke bi ta gefen fangalin kowa. Mai kula da wannan duka ɗana ne, babban, wanda ake kira Injiniya tun da ƙungiya ta tura shi ya koyo aikin. Shi ke wanke farantan, shi ke riƙe da sifana.

A bayan tanki akwai inda wayar shinge ta saki, mutum na iya wucewa in ya sunkuya. Nan na duba, sai na ga sawun takalminsa. Ba zan kasa gane shi ba, dugadugin hagu ya cinye ta gefe guda, kullum a ƙofar ɗakina nake ganinsa. Ya fita ta giɓin, ya dawo. Sai wata magana da ya sha yi a gida ta faɗo mini: wai mutum in ya samu faranti biyu kacal zai buɗe wurin cajin waya a bakin titi, ya daina jiran ƙungiya ta tuna da shi.

Akwai wasu alamu a ƙasan, ban tsaya duba su ba. Na karyo reshe, na shiga shara ina ja da baya, tun daga gindin ƙarfen har waje da shinge. Na jefa reshen cikin ciyawa.

*

Kafin hantsi kowa ya hallara. Rana ta hau, famfo bai ce uffan ba.

Ciyaman, shugaban ƙungiyarmu, ya dubi ɗana. "Injiniya, me ya sa bai tashi ba? Ga sauran farantai nan reras."

"A sarƙe suke, ranka ya daɗe," in ji shi. "Wutar wannan ta cikin wancan take bi. In aka zare biyu, abin da ya rage ba zai iya ɗaga famfon ba."

Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, yana tsaye da fartanya a kafaɗa. Fangalinsa ne na ƙarshe a layi, inda ruwa ke isa a gajiye. Ya ce, "Biyu fa kawai. Kana nufin gaba ɗaya ya tsaya?"

"Gaba ɗaya, Baffa."

"Ikon Allah," in ji Yaya, ya juya yana kallon tanki.

Ruwan da ya kwana a tankin bai kai rabi ba, ga latas da tumatir sun fara sunkuyar da kai. Nan surutu ya ɓarke. Wani ya ce mai gadi ne, wani ya ce baƙi ne daga titi. Sai wani daga baya, ban ga fuskarsa ba, ya ce, "Baƙo ba ya jera noti. A tambayi mai sifana."

Ɗana ya dube ni, yana jiran in yi magana. Na dubi ƙasa.

Ciyaman ya ɗaga hannu. Ya ce ya aika a kira Sunkuyau. In rana ta faɗi ba a gano komai ba, zai miƙa maganar ga 'yan sanda, kuma ba shi da sunan da zai ba su sai na wanda kayan ke hannunsa.

*

Sunkuyau tsohon maharbi ne da ya ajiye bindiga ya koma bin sawun awakin da suka ɓata da kekunan da aka sace. Tsabar kallon ƙasa ta sa wuyansa ya lanƙwashe, shi ya sa sunan ya bi shi. Ya zo da sanda da gorar ruwa, ya kori kowa zuwa inuwa, ya nuna ni da baki.

"Kai ka fara zuwa, aka ce. To riƙe mini gorar nan, ka riƙa gaya mini wane fangali na wa."

Bai ko kalli farantan ba. Kai tsaye ya zagaya bayan tanki, ya tsuguna ya daɗe. Ya bi layukan da ganye ya ja a ƙasa da ɗan yatsa.

"An yi mana shara," ya ce. "Kuna da tsafta a lambun nan."

Na gyara riƙon gorar.

"Wanda ya yi wannan ba ɓarawo ba ne. Ɓarawo da kaya a ka ba ya tsayawa shara. Kuma ya cuci wani, ko ya sani ko bai sani ba. Ƙasar nan da laushi take, da yanzu na karanta maka ƙafar mutumin kamar an buga hatimi, mu tashi mu sha shayi." Ya miƙo hannu. "Ba ni ruwa. Me ya sa kake gumi haka, malam? Ni ke tsugune."

"Zafi ne, Baba."

"Zafi ne," ya maimaita, ya sha ruwansa.

*

Mai gadi muka fara zama da shi, a rumfarsa ta kwano. Ya rantse ya kuma rantsewa cewa idonsa biyu har gari ya waye.

Sunkuyau ya taɓa tokar murhunsa da bayan hannu, ya leƙa ƙarƙashin benci. "Ina kekenka ya kwana?"

"Nan, jikin rumfa."

"Raɓa ta sauka a kan sawun tayarsa, ɗan'uwa. Wanda ya tafi bayan gari ya waye, sawunsa ne ke hawa kan raɓa."

Mai gadi ya cire hula ya share fuska. Ya ce matarsa ce ba lafiya, yakan tafi da zarar zakara ya yi cara don ya ɗora wa yara ruwan zafi. Ya roƙe mu kada Ciyaman ya ji.

"Wa ya san kana tafiya da wuri?"

"Duk mai zuwa ban ruwa da sassafe ya sani. Ai ba sa tarar da ni."

"Wato rabin ƙungiya," in ji Sunkuyau. "Ka taimaka ƙwarai."

Daga nan muka fita titi, inda wasu suka ce sun ga sawun tayar kurar turawa ta ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Raina ya yi fari, na yi ta addu'a a ce shi ne. Muka bi sawun har muka same shi a gindin wata bishiya yana daddatsa tsohon gado. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya kwashe da dariya.

"Gilashi? Ni da nake sayen abu da nauyinsa? Ku bincike kurar, in kun samu abin kirki mu raba."

Sunkuyau bai bincika ba. Ya ce tayar kurar ko ɗaya ba ta nutse ba, kuma kaji sun yi tone-tone a kan sawun tun jiya da yamma. Muka juyo. A hanya ya ce da ni, ba tare da ya ɗago ba, "Ka so a ce shi ne."

"Kowa ma zai so a ce baƙo ne, Baba."

"Haka ne. Amma kai ka fi kowa so."

*

Ɗana muka tarar zaune a ƙarƙashin farantan, ya naɗe bakin wayoyin da suke reto da tef don kada yashi ya shiga. Ya tashi ya gaishe da tsohon.

"Ina sifanarka ta kwana?"

"A aljihun rigar aikina, Baba. Amma notin nan ko sifanar keke tana kwance su."

"Kakan bi ta giɓin can?"

Na juya ina kallon tanki.

"Kullum," in ji shi, ko ɗar bai yi ba. "Jiya ma da yamma na bi. In na wanke farantai ba na zubar da ruwan, ina tara shi a bokiti in kai wa dashen gwandata. Suna nan bayan shinge, ku zo ku gani."

Muka sunkuya muka fita. Ga su kuwa, 'yan dashe a jere, kowanne an kewaye shi da ƙaya saboda awaki, gindinsu da sauran danshi. Taku kaɗan ne daga inda na tsaya da sharata. Da na ɗaga kai da safen nan, da na gan su.

"Ban san ka yi dashe ba," na ce.

"So nake sai sun yi 'ya'ya in kawo wa Umma ta gani," ya ce. Sai ya dubi ƙasar da aka share. "Abin da ya ɗaure mini kai ke nan, Baba. Har sawuna na jiya an share. Wanda ya yi wannan so yake a ce ni na ɓoye wani abu."

Da Sunkuyau yake magana, amma ni na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Tsohon ya dube ni ta ƙasan ido, ya ba ni lokaci. Da ya ga ba zan yi amfani da shi ba, sai ya buga sandarsa a ƙasa.

"Mu je. Mutum ba ya tashi sama daga inda shara ta ƙare."

*

Bayan shingen ciyawa ce, ba ta riƙe sawu. Sunkuyau ya yi ta zagaye yana faɗaɗawa, har muka sake shigowa lambu ta ƙasa, inda shinge ya ƙare hanyar ruwa ta yi kwana. Nan fangalin Gwaggo mai latas yake. Mijinta ya rasu ya bar mata shi, kuma duk lambun ba wanda bai taɓa shan bakinta ba.

"Sannu da zuwa, masu bincike," ta ce. "Tun safe kuna shinshina ƙasa, latas ɗina na mutuwa. In kun gama ku shinshino mini ruwa."

"Gwaggo, ba ki ga wani abu da ya sauya a nan ba tsakanin jiya da yau?"

"Na ga abin mamaki ma. Na ga an yi mini alheri a lambun nan, abin da ban taɓa gani ba." Ta nuna gefen hanyar ruwa da wuƙarta. "Jiya da magariba nan wurin ya ɓalle. Ka san bakin tanki na ɗiga, ruwa na kwana a hanya. Ina kallo yana tsiyaya kan turba, bayana ya ƙi, na ce sai da safe. Na zo da safe na tarar wani ɗan albarka ya toshe mini. Ka gan shi nan, kamar an yi da inji."

Sunkuyau ya durƙusa. Sannan ya kira ni da hannu, ya nuna mini wasu layuka biyu siraru a taɓon turba, miƙaƙƙu, kowanne da kusurwa a ƙarshensa.

"Me ke da gefe miƙaƙƙe haka a lambu?"

"Faranti," na ce.

"Ya zo da su a ka, yana sauri. Ya ga ruwa na zuba a banza. Ya sauke kayan satarsa, ya jingina su a nan, ya gyara wa Gwaggo hanya, ya ɗauka ya wuce." Ya girgiza kai, har da ɗan murmushi. "Na bi ɓarayi iri-iri, ban taɓa bin wanda ya kasa wuce ɓaraka ba."

Ni kuwa toshin nake kallo. An murɗa ciyawa kamar igiya an kwantar, an danna ta da dugadugi, an shafe da taɓo, sannan an ja ɗan kwari da babban yatsa a samansa don in ruwa ya cika ya koma hanya. Mutum ɗaya na sani da ke toshi haka, mahaifinmu, kuma ya rasu. Mu biyu ya koya wa, ni da Yaya. Ni kuma na yi ta ƙoƙarin koya wa ɗana.

"Ka san hannun nan?" in ji Sunkuyau.

"Toshi ai toshi ne, Baba."

Ya miƙe da ƙyar, yana dafa sanda. "Yau ka faɗi abu biyu da ba ka yarda da su ba. Je ka ce wa Ciyaman ya tara mini mutane a gindin tanki. Ya kuma buɗe ruwan da ya rage, kowa ya ɗan samu."

*

Rana ta karkata lokacin da aka taru. Mai gadi na gefe ya rungume hannu. Ɗan gwangwan ma ya turo kurarsa ya zo kallo. Gwaggo ta kifa bokiti ta zauna. Yaya na tsaye kusa da Ciyaman. Ɗana shi kaɗai, an bar fili tsakaninsa da kowa. Ni ma ban je kusa da shi ba. Na ce wa kaina gorar tsohon nake riƙe.

An buɗe tanki, ruwa na gudu a hanya, kowa na binsa da ido don an san shi ne na ƙarshe. Sunkuyau ya fara magana a hankali, yana tafiya a gefen hanyar. Ya ce mai gadi ba shi da hannu, ɗan gwangwan ba shi da hannu. Yana cikin magana ya soka sandarsa a gefen hanyar ya banƙare, kamar tuntuɓe ya yi. Ƙasa ta ɓalle, ruwa ya kwararo kan turba.

Aka sa ihu. "Ruwa! Ruwa!"

"Injiniya, kai ne mai ruwa," in ji Sunkuyau. "Tare shi."

Ɗana ya ruga ya ciro wani tsohon buhu daga gindin tanki, ya cusa a ɓarakar, ya shiga tara ƙasa da hannu biyu. Ruwa ya ɗaga buhun ya bi ta ƙarƙashi. Ya sake dannawa, ya sake ɓallewa. Haka yake yi tun yana ƙarami, na yi faɗa har na gaji.

"Kai, matsa!" Yaya ne. Ya riga ya yar da takalmi. "Sai kwance noti da ɗaura noti, ɓaraka ɗaya ta gagare ka. Matsa ka ga yadda ake yi!"

Ya ture shi, ya fizge buhun ya jefar. Ya tumɓuko ciyawa, ya murɗa, ya kwantar. Ya danna da dugadugin hagu, don gwiwarsa ta dama ta daɗe ba ta lanƙwasuwa. Ya kwaso taɓo ya shafe. Ya ja ɗan kwari da babban yatsa. Ruwa ya tsaya cak. Ya miƙe yana haki, yana duban mutane kamar mai jiran a yaba.

Gwaggo ce ta fara magana. "La! Ashe kai ne ɗan albarkan da ya toshe mini jiya!"

Na ga lokacin da maganar ta isa kunnen Yaya. Hannunsa mai taɓo ya tsaya a iska.

Sunkuyau ya tsuguna ya auna ramin dugadugin da yatsu, ya ɗaga hannun yadda yake bai motsa yatsun ba, ya ce duk mai so ya biyo shi fangalin Gwaggo ya gwada. Ya gaya musu abin da aka jingina a gefen wancan toshin. Ba wanda ya motsa. Fuskar Yaya ta riga ta gama aikin.

"Ina suke?" in ji Ciyaman, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Yaya ya zauna a gefen hanyar ruwa, ƙafafunsa cikin taɓo. "Suna tsohuwar gonata, ƙarƙashin kara. Ko ƙwarzane ban yi musu ba." Ya ɗago. "Sau nawa na tashi a taro na ce ruwa ba ya isowa wurina? Ku sha ku ƙoshi, ni a turo mini laka. Albasata ta ƙone bara, ta ƙone bana. Na haƙa 'yar rijiya, na samu ƙaramin famfo, wuta kawai na rasa. Na ce farantai da yawa haka, in na ɗauki biyu ai rabona ne, ruwanku ya ɗan ragu ku ji abin da nake ji. Wallahi ban san tsayawa zai yi ba. Na ɗauka kamar buhuna ne, ka ɗebi biyu saura na nan."

"Kuma da safe da ka ji ya tsaya?" in ji Gwaggo. "Kana tsaye ana nuna ɗan ƙaninka da baki, ka ce ikon Allah?"

Ɗana na durƙushe inda aka ture shi, taɓo har gwiwar hannu, yana kallon baffansa. Ni ma kaina ya yi nauyi, don duk wanda ya dubi Yaya sai ya waiwayo ya dube ni.

Na ɗauka an gama. Sai Ciyaman ya yi gyaran murya.

"Saura magana ɗaya. Wa ya share sawu?"

"Ban share komai ba," in ji Yaya. "Ina na ga lokaci?"

"To wani ya rufa maka baya." Muryar nan ta safe ce, daga baya. "Baffa ya ɗauka, ɗa ya share. Wa ya nuna masa yadda ake zare waya? Gida ɗaya ne fa."

Aka fara gunaguni. Ciyaman ya dubi Sunkuyau. Tsohon ya ce shi farantai aka kira shi nema, kuma ya samo su. Ya karɓi gorarsa daga hannuna, ya daɗe yana ɗaure bakinta, bai dube ni ba.

"In haka ne," in ji Ciyaman, "Injiniya, ka ajiye sifana tukuna, har a—"

"Ni ne."

Ban san muryata za ta fito da ƙarfi haka ba. Kowa ya juyo.

"Ni na share. Shi bai sani ba, Yaya ma bai sani ba. Reshen na nan cikin ciyawa bayan tanki, in kuna so in ɗauko."

"Wato ka ga sawun yayanka ka rufa masa asiri," in ji Ciyaman.

Da na ce e, da an fahimce ni. Wasu ma da sun ce na kyauta. Amma Sunkuyau na tsaye, kuma na gaji da faɗar abin da ban yarda da shi ba.

"Ban ga na Yaya ba," na ce. "Ban ma duba ba."

"To na wa ka gani?" in ji Gwaggo.

Ɗana ne ya amsa mata, a hankali, yana goge taɓon hannunsa a wando.

"Nawa ya gani, Gwaggo. Ya ɗauka ni ne."

Ɗan gwangwan ya juya kurarsa ya tafi ba sallama.

*

Aka ɗauko farantan a kan kai, aka jingina su a gindin ƙarfe. Ciyaman ya ce maganar Yaya sai an zauna, haka ma maganar ruwan 'yan ƙarshen layi, wadda ya yarda an daɗe ana turawa gaba. Ya dafa kafaɗar ɗana a gaban kowa, ya roƙe shi ya yafe musu. Wanda ya yi magana daga baya bai fito ba.

Akwai sauran rana, ɗana ya ce in aka yi sauri famfo zai ɗan tashi kafin ta faɗi. Ya rufe fuskar farantan da buhuna don kada su ba da wuta ana cikin aiki, ya kafa tsani. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya a sama yana ɗaurewa, ɗaya a ƙasa ya tallafe farantin kada ya zame. Na matsa na kama gefe ɗaya.

"Da na tambaye ka," na ce, yadda shi kaɗai zai ji. "Tsoro ne ya—"

"Na sani, Baba."

Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Ya sauko mataki ɗaya, ya zare hannuna daga jikin farantin da hannu biyu, cikin ladabi, kamar yadda ake karɓar kaya daga hannun babba.

"Ka huta, Baba, ka sha rana yau. Mai gadi, zo ka riƙe mini nan."

Mai gadi ya dube ni, na matsa masa. Ina tsaye a gefe har aka ɗaure noti na ƙarshe aka yaye buhunan. Famfo ya yi tari ya kama, ruwa ya fara faɗawa cikin tanki, mutane suka watse da gudu kowa ya nufi fangalinsa. Wani ya ƙwala mini kira, wai ai ranar ruwana ce, in zo in buɗe.

Na tsaya ina jira ko zai waiwayo daga kan tsanin. Yana ta goge gilashin da hannun rigarsa.